Ranar da Na Harbi Zabuwa a Gaban Surukina

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zai iya cinye ranar da na harbi zabuwa a gaban surukina, a wani daji da ke bayan ƙauyensu can wajen Dutsi. Shekaru sun ja yanzu, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma har gobe in na ga zabi suna tsallaka hanya sai dariya da kunya su taso mini tare.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Daura, ban cika shekara da aure ba. Ina da wani aboki tela, shagonsa na kan hanyar da nake bi in an tashi daga makaranta, shi ya fara koya mini harbi. Yana da wata tsohuwar bindigar iska, irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa mata ƙwayar darma guda a mayar, ba albarushi, ba wata ƙara mai firgita mutane. Duk Asabar bayan la'asar sai mu hau babur ɗinsa mu fita hanyar Sandamu, inda yake da gona mai tudu a gefe. Mu jera gwangwanayen madara a gindin tudun, mu ja baya taku ashirin, mu yi ta harbi muna yi wa juna tsiya. Cikin 'yan watanni na kamo shi, har na fara wuce shi. Hannuna ba ya rawa, idona kuma ras yake. Daga nan kaina ya fara girma.

Girman kan nan ne ya ja mini. Da muka je gaisuwar Sallah gidan su matata, ina zaune da yayyenta a zaure ana hira, sai zance ya biyo ta kan daji. Na buɗe baki na ce ai ni ma ina taɓa farauta. Ban ce musu gwangwani nake farauta ba. Na dai sake maganar haka nan, na bar su su fahimci abin da suka ga dama.

Abin da na manta shi ne gidan wa nake zaune. Surukina tsohon maharbi ne, ya yi shekaru yana shiga daji da bindigar toka kafin idonsa ya rage gani ya rataye ta. Mutum ne dogo, siriri, ba ya son yawan magana. Tun da na auri 'yarsa maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba: in durƙusa, ya ce yaya makaranta, in ce lafiya lau, ya sa mini albarka, in tashi. Ashe maganar zauren ta isa kunnensa. Bayan 'yan makonni matata ta dawo daga ganin gida ta ce Baba ya ce a gaya mini, in kaka ta yi in zo da bindigata, zabin daji sun dame shi a gonar gyaɗa.

Ni kuwa ko bindigar ba ni da ita.

Na tashi haiƙan. Na bi hanyar da ake bi na samo takardar izini, abin da ya ci mini takalmi ba kaɗan ba. Abokina ya kai ni wurin wani ɗan kasuwa Ibo mai sayar da kayan gyaran babur, wanda ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Shi ke yi wa masu takarda odar irin waɗannan bindigogi daga Kano. Ya shiga ciki ya fito da guda biyu ya shimfiɗa a kan benci. A ido kamar tagwaye suke, tsawo ɗaya, ƙota ɗaya. Bambancin yana bakin ne. Ɗaya tana cin ƙaramar ƙwaya, ana ce mata huɗu da rabi, ɗayar tana cin babba, biyar da rabi. Ya zuba mini ƙwayoyin biyu a tafin hannu. Na duba na ga ai tazarar ba ta kai a yi magana ba. Ya yi murmushi ya ce kada ido ya ruɗe ni. Ƙaramar ta fi sauri, kuma tana tafiya sambal kamar an ja zare, ita masu harbin gwangwani ke so. Babbar tana da nauyi, ba ta da saurin waccan, in tazara ta yi nisa sai ta fara sunkuyawa, dole mutum ya koyi ɗaga bakin bindigar kaɗan. Amma inda ta sauka, ta sauka. Ya ce mutanen ƙauye masu neman nama ita suke saye.

Abokina tela kuwa tun kafin mutumin ya rufe baki ya riga ya yanke mini hukunci. Tasa huɗu da rabi ce, don haka a wurinsa duk wata bindiga ɓata ƙarfe ce. Ya ce me amfanin nauyin ƙwaya in ba ta sami abin da aka auna ba? Ya ce ƙaramar ta fi araha, gwangwani ɗaya sai ka yi wata kana harbi, kuma in tawa ta ƙare sai in ara a wurinsa.

Mako uku na yi ina juya maganar nan. In ina cin tuwo ina tunaninta, in ina duba littattafan 'yan aji ina tunaninta. Na kalli bidiyo a waya har idona ya yi ja, wannan Bature ya ce ƙarama, wancan ya ce babba, kowa da hujjarsa. Na sami takarda na ja layi a tsakiya, na rubuta amfanin kowacce a gefenta kamar mai shirya darasi. Wata rana matata ta kawo mini shayi ta tarar da ni a kan takardar, ta tsaya ta leƙa.

"Ni dai ban ji an ce ka yi wannan dogon nazarin ba lokacin da za ka aure ni," in ji ta.

Na ce ai ke ba ki da ta biyu shi ya sa. Ta yi dariya, amma da ta kai bakin ƙofa sai ta juyo ta ce in dai bi a hankali, Baba yana wasa da komai amma ba ya wasa da daji. Na ji maganar ta kunnen dama ta fita ta hagu.

A ƙarshe ɗan kasuwar ya gaji da zaryata, ya ce in ɗauki duka biyun in je in gwada in dawo masa da wadda ba na so. Muka tafi gonar hanyar Sandamu. Da ƙaramar, na harba goma na kayar da gwangwani tara. Da babbar, na farko ya tayar da ƙasa a gaban gwangwanin, na biyu haka, na uku haka. Abokina ya riƙe ciki yana dariya, ya ce in gyaɗa zan tono to na sami kayan aiki. Da na yi haƙuri na ƙara harbi ashirin ko talatin da na gane kanta, don ba wani abu ba ne mai wuya. Amma ban yi ba. Na mayar da ita kwalinta. Yanzu da nake tunawa na san ba takardata mai layi a tsakiya ce ta yi zaɓin ba. Na ɗauki bindigar da ke sa a ce na iya, na mayar da wadda ta ba ni kunya.

Kaka ta yi, aka fara cirar gyaɗa. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na naɗe bindigar a buhu, na sa takardar izinina a aljihu, na goya matata a babur muka nufi ƙauyensu. Da yamma yayyenta suka matsa sai sun ga harbina. Muka fita bayan gida inda babu kowa, aka kafa murfin kwalba a jikin wani kututture. Na auna na ɗauke shi. Aka sake kafa wani, na sake ɗauke shi. Nan fa aka hau yabo, ni kuma ina ta sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, alhali zuciyata na kiɗa.

Surukina yana zaune a kan buzunsa a gindin wata darbejiya. Da aka watse sai ya miƙo hannu. Na durƙusa na ba shi bindigar. Ya shafa ta tun daga ƙota har baki, ya karya ta, ya leƙa. Sannan ya ce in ba shi ƙwayar. Ya murza ta tsakanin yatsunsa biyu, ya ɗan jijjiga ta a tafin hannu kamar mai awo.

"Malam, zabuwa gashinta sulke ne," ya ce. "Da wannan, kai za ka nema. In ba ka sami kai ba, ka bar ta ta wuce."

Na ce to, Baba. A raina kuwa na ce wanda ya ɗauke murfin kwalba, me zabuwa za ta gagare shi da shi?

Washegari muna idar da sallar asuba muka fita, ni da shi kaɗai. Yana gaba da sandarsa, wuƙa a ƙugu, wani tsohon mayafi a kafaɗa. Ni ina baya da bindiga, sanye da sabon wandon kaftanina, don a ganina ba a zuwa gidan surukai da tsumma. Tafiyar ta kai awa guda. Gonarsa na can ƙarshen gonaki, inda ƙasa ke fara duwatsu da sabara da geza. Ya nuna mini wani kalgo ya yi mini alama in tsuguna a bayansa, shi kuma ya zauna a gefe.

Rana na fara ɗagowa muka ji su. Suka fito daga cikin ciyawa su kamar bakwai, suna tafe suna tono, suna wannan surutu nasu. Ban taɓa ganin zabin daji kusa haka ba. Sun fi na gida tsawo da tsabta, kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya ko na ƙiftawar ido. Na ɗaga bindiga na auna kan wata babba da ke gaba. Nan na gane abin da gwangwani bai taɓa koya mini ba: gwangwani ba ya motsi. Kan zabuwa kuwa ɗan mitsitsi ne, yana sama, yana ƙasa, yana hagu, yana dama. Na bi shi, na bi shi, hannuna ya fara gajiya. Suka fara karkata za su koma daji. Ina jin numfashin tsohon a gefena. Na ce a raina yau in na koma gida ban harba ba, me zan ce a zaure? Sai na sauke bakin bindigar zuwa jikinta inda ya fi faɗi, na yi bisimilla, na ja kunamar bindigar.

Na ji saukar ƙwayar, gashi ya tashi. Sauran suka yi sama da ƙara. Ita kuwa ta faɗi, ta mirgina, ta miƙe, ta ruga cikin ciyawa tana jan fiffike ɗaya a ƙasa.

Na tashi ina kaɗe gwiwa, na yi 'yar dariyar borin kunya na ce ta tsira, bari mu jira ko wasu za su fito. Tsohon bai dube ni ba. Ya taka zuwa inda ta faɗi, ya sunkuya, ya ɗauki wani gashi ya kai kusa da idonsa.

"Ba ta tsira ba. Ciwo ka ba ta," ya ce. "Ba za mu bar dajin nan ba sai da ita."

Bai ɗaga murya ba, amma na san ba shawara yake ba ni ba.

Abin da ya biyo baya shi ne awa uku mafi tsawo a rayuwata. Idonsa ba ya ganin nesa, amma ƙasa littafi ce a wurinsa. Ya nuna mini layin da fiffiken ya ja a kan yashi, ya ce in bi. In sawun ya ɓace a kan dutse sai ya tsaya, ya duba ta inda inuwa take, ya nuna da sanda, mu je mu tarar da ɗigon jini a kan ganye. Rana ta fara zafi. Ƙarangiya ta nuna a lokacin, ta lulluɓe mini wando tun daga idon sawu har gwiwa. Sau biyu muna tayar da ita, ta fito a guje ta sake shigewa, ni kuma in bi ta da bindiga a hannu ina tuntuɓe kamar wanda aka koro. Ruwan da muka zo da shi ya ƙare. Na so in ce Baba mu haƙura, zabuwa ɗaya ce. Na buɗe baki har sau uku, amma in na kalli dattijon da ya haura saba'in yana tafe a cikin ranar nan saboda ɓarnar da ni na yi, sai in fasa, in ci gaba da bin sawu.

Wajen hantsi ya ƙure muka iske ta ta shige cikin wata sarƙaƙiya a gindin dutse, irin mai ƙayar nan mai kama da ƙugiya. Ba ta yadda za a harba, ba ta yadda za a sa sanda. Ya dube ni, na dube shi. Na ajiye bindiga na kwanta rub da ciki na fara jan jiki.

Na shiga kamar tsawon mutum biyu sai na ji an riƙe ni ta baya. Na yunƙura. Sai na ji ƙarar yadi, doguwa, tun daga ƙugu har bayan cinya. Iska ta shiga inda bai kamata ta shiga ba. Kuma surukina yana tsaye daidai bayana. Wallahi a lokacin nan, da ƙasa ta tsage da na gode mata.

Amma gabana ga zabuwar nan, tazarar hannu ɗaya. Ta lafe a jikin dutse, baki buɗe, tana haki. Fiffiken ya juye, jini ya bushe a gefenta, har tururuwa sun fara hawa. Ta kalle ni da ido ɗaya, ba ta ko yi yunƙurin gudu ba, ƙarfinta ya ƙare. Sai na manta da wando. Na tuna ɗazu da safe ita ce a gaba tana tono cikin 'yan uwanta, kuma da mun tafi kamar yadda na so, haka za ta kwana biyu ko uku a nan tururuwa na cin ta da rai. Na miƙa hannu na kama ta a hankali. Zuciyarta na bugawa a tafina.

Na fito da baya, hannu ɗaya da zabuwa, ɗayan yana ƙoƙarin haɗa abin da ba zai haɗu ba. Da na ɗago sai na ga tsohon ya juya mini baya, yana kallon wani gawo can nesa kamar bai taɓa ganin gawo ba. Mayafinsa kuwa yana rataye a reshen da ke kusa da ni, wuƙar tana ajiye a kan dutse. Na ɗaura mayafin a ƙugu kamar zane. Na fuskanci gabas na yanka ta.

A hanyar dawowa muka zauna a inuwar wata tsamiya. A nan ya yi mini magana mafi tsawo tun da na san shi. Ya ce yana saurayi ya taɓa harbin barewa da bindigar da bai cika mata albarushi sosai ba, ta gudu da rauni, ya ga yamma ta yi ya koma gida. Bayan kwana huɗu ya iske ta a bakin wani tafki, da sauran ranta, tsutsa ta cika ciwon. Ya ce tun daga ranar bai sake barin abin da ya raunata a daji ba, ko da zai kai shi dare. Na ce ai laifin bindigar ne, da babbar na saya da ba haka ba. Ya girgiza kai.

"Bindigarka ba ta yi laifi ba, aikinta ta yi. Kai ka ɗora mata abin da ba nata ba. Hannunka mai kyau ne, Malam. Haƙurin ne da saura."

Muka shiga ƙauye rana tsaka, shi a gaba da sandarsa, ni a baya da zane, bindiga a kafaɗa, zabuwa a hannu. Matata na tsakar gida tana tankaɗe. Ta dubi zabuwar, ta dubi mayafin babanta a ƙuguna, ta ajiye rariya ta shige ɗaki da sauri. Ina jin dariyarta ta cikin bango. Da surukata ta fige zabuwar sai ga ƙwayar ta baje a gindin fiffike, ta karya ƙashi ta tsaya nan, ko ciki ba ta shiga ba. Aka yi farfesu. Yayyen matata suka yi ta tambayar yadda aka yi, tsohon ya ce musu kawai Malam ya harba kuma Malam ya ɗauko. Bai taɓa faɗa wa kowa zancen wandon ba har Allah Ya karɓi ransa. Ni na riƙa tona wa kaina asiri daga baya.

Ban mayar da bindigar ba, tana nan har yau, kuma har yau ina kayar da gwangwani in na sami sarari. Abin da na daina shi ne cewa ina farauta. Bayan shekara biyu na sayi babbar, na zauna na koyi kanta a hankali, muka koma gonar gyaɗar nan da surukina sau da yawa. Mafi yawan ranakun ba na harba ko ɗaya, mu zauna mu kalli zabi su ci su tafi, mu dawo muna hira. A can na san shi, a can ya san ni.

Abin da ranar ta koya mini ya wuce zancen bindiga. In zan zaɓi wani abu yanzu, ko kayan aiki ne ko hanya, nakan tsaya in binciki zuciyata: don aikin da ke gabana nake zaɓa, ko don a yaba mini? Kuma na koyi cewa in ka jawo wa wani mai rai ciwo, ko da tsuntsuwa ce, ba ka da izinin kaɗe gwiwa ka tafi gida. Sai ka bi sawu har inda ya tsaya, ko da za ka fito ba mutunci a bayanka.